Firaminista uku a shekara ɗaya: wa ya zaɓe su, wa ya sauke su?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Garin Zariya, kuma labaran safe na rediyo ba sa wuce ni. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, a shekarar 2022 kaɗai Birtaniya ta yi firaminista uku, amma ban ji an yi zaɓe ko sau ɗaya ba. Wa ya zaɓe su, wa kuma ya sauke su? Wannan dimokuraɗiyya ce ko juyin mulki ne cikin ruwan sanyi? Sannan na ji wasu 'yan majalisarmu suna cewa mu koma irin wannan tsari. Anya zai yi mana?"

Alhaji, na gode, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Idan na fahimce ka daidai, abin da ya dame ka shi ne yadda mutum zai kwana yana jan ragamar gwamnati ya wayi gari ba shi ba ne, alhali talakawa ba su fita sun yi layi sun jefa ƙuri'a ba, sannan kana son sanin ko wannan riga za ta yi wa Najeriya daidai. Ita ce tambayar da ɗalibaina sukan fara yi mini kowace shekara idan muka iso babin tsarin majalisa, kuma ba na ganin laifinsu, domin wanda ya buɗe ido bayan 1979 bai san wani mulkin farar hula ba sai wanda ƙasa gaba ɗaya take zaɓen mutum ɗaya, a ba shi shekara huɗu, kowa ya haƙura har wa'adin ya cika.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, a Birtaniya babu ranar da ake zaɓen firaminista. An raba ƙasar zuwa mazaɓu 650, kowace mazaɓa tana tura wakili ɗaya majalisa. A zaɓen Disamban 2019, wanda ake cewa Boris Johnson ya lashe, babu wanda ya ga sunansa a takardar ƙuri'a sai mutanen mazaɓarsa ta Uxbridge a yammacin Landan. Abin da ya faru shi ne jam'iyyarsa ta Conservative ta ci kujeru 365, shi kuma shi ne shugabanta. Aikin Sarki ko Sarauniya bayan zaɓe shi ne ya kira wanda yawancin 'yan majalisa za su tsaya a bayansa, ya ce masa ya kafa gwamnati. Saboda haka kujerar firaminista aro ce daga hannun 'yan majalisa, kuma masu abu suna da ikon karɓar abinsu a duk ranar da suka ga dama, ba sai shekara biyar ta cika ba. Firaminista ɗan majalisa ne kamar kowa, har yana iya faɗuwa a mazaɓarsa, kamar yadda ya faru da John Howard na Ostireliya a 2007.

Ɗalibai 'yan birni sukan ce mini, ashe dai kamar masu zaɓen sarki ne. Kwatancin ya kusa, amma ya kauce a wuri mafi muhimmanci. Masu zaɓen sarki idan sun gama aikinsu an naɗa rawani, sai su koma su yi gaisuwa kamar kowa. 'Yan majalisa kuwa ba sa sakin igiyar, suna riƙe da ita kullum. Marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris ya hau gadon sarauta a 1975 ya rasu a 2020, kuma a cikin waɗannan shekaru 45 Birtaniya ta yi firaminista tara, daga Harold Wilson zuwa Johnson.

Hanyoyin da kujerar take kuɓucewa

Hanyar da kowa ya sani ita ce faɗuwa a babban zaɓe, kuma ba sai mun tsaya a kanta ba. Ta biyu ita ce ƙuri'ar yankan ƙauna, inda majalisa take ƙidaya kanta a fili don a ga ko har yanzu gwamnati tana da rinjaye. Ba a buƙatar a tuhumi firaminista da wani laifi, ba a kafa kwamitin bincike, ba a jiran alƙali. Ya isa kawai masu cewa ba mu yi da kai su fi masu cewa muna yi yawa. James Callaghan ya faɗi ta haka a watan Maris na 1979 da ƙuri'a 311 a kan 310. A Indiya ma ƙuri'a ɗaya tak ta kayar da gwamnatin Vajpayee a 1999, sannan a Afirilun 2022 majalisar Pakistan ta sauke Imran Khan da ƙuri'u 174. Ka gwada wannan da sashe na 143 na kundinmu na 1999, inda tsige shugaban ƙasa yake buƙatar zargin babban laifi, da sa hannun kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa, da kwamitin mutum bakwai da Alƙalin Alƙalai zai naɗa, da amincewar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa. Namu an gina shi ne don saukewa ta yi wuya, nasu kuwa don ta yi sauƙi.

Sai dai ba wannan ce ta yi aiki a 2022 ba. Hanyar da ta fi cin firaministocin Birtaniya a zamanin nan ita ce tawayen cikin gida, wato jam'iyya mai mulki ta canza shugabanta. Da yake rinjayen na jam'iyya ne, duk wanda ta ɗora a kai shi Sarki zai kira.

Margaret Thatcher ce misalin da nake fara bayarwa, domin ta ci zaɓe uku a jere, a 1979 da 1983 da 1987, kuma 'yan adawa ba su taɓa kayar da ita ba. Abin da ya ci ta shi ne rikicin jam'iyyarta a kan Turai, da wani haraji da ta ɗora a kan kowane baligi, mai kuɗi da talaka kusan kuɗi ɗaya. Dattawanmu sun san irin wannan haraji, shi ne wanda gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke tare da jangali a Jamhuriya ta Biyu, kuma Turawan ma da aka ɗora musu sai da suka yi bore a titunan Landan. A Nuwamban 1990 Michael Heseltine, ɗan jam'iyyarta, ya ƙalubalance ta a kan shugabancin jam'iyya. Ta samu ƙuri'u 204, shi ya samu 152, amma ƙa'idar jam'iyya tana neman tazarar da ta rasa da ƙuri'a huɗu. Ministocinta suka riƙa shiga wurinta ɗaya bayan ɗaya suna gaya mata cewa zagaye na biyu ba zai yi mata kyau ba. Ta janye, John Major ya hau, kuma babu talaka ko ɗaya da aka tambaya.

Na Johnson ma haka ya bi. A ƙa'idar da jam'iyyar take bi a lokacin, idan kashi 15 cikin 100 na 'yan majalisarta suka rubuta wa shugaban kwamitinsu wasiƙa a asirce, dole a yi ƙuri'a a kan shugaba. A Yunin 2022, bayan abin kunyar shagulgulan da aka yi a ofishinsa lokacin kullen korona, wasiƙun suka cika, aka yi ƙuri'a, ya tsira da 211 a kan 148. A takarda ya yi nasara, amma wanda mutum 148 na gidansa suka juya wa baya ya san sauran kwanakinsa ƙidayayyu ne. Bayan wata ɗaya ministoci da mataimakansu fiye da 50 suka ajiye aiki cikin kwana biyu, har ya rasa waɗanda zai cike guraben da su. Liz Truss ta gaje shi ranar 6 ga Satumba, kwana biyu kafin rasuwar Sarauniya Elizabeth. Ita da ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng suka sanar da rage haraji mai yawa ba tare da nuna inda za a cike giɓin ba, darajar fam ta faɗi, kuɗin ruwan bashin gidaje ya tashi, kuma kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da ke biyo baya idan masu ba ka bashi suka daina yarda da lissafinka. Kwana 49 ta yi, Rishi Sunak ya karɓa ranar 25 ga Oktoba.

Me ya sa 'yan majalisa suke yi wa nasu haka? Ba don sun fi namu tsoron Allah ba ne. Kujerar kowannensu a ɗaure take da farin jinin shugaba. Wanda ya ci mazaɓarsa da 'yar ƙaramar tazara, ya kuma ga jama'a sun fara tsanar firaminista, ya san cewa a zaɓe mai zuwa shi za a fara yankawa, don haka gara ya sauke shugaban tun da wuri a gwada wata fuska. Son kai ne, amma son kai ne da tsarin ya juya shi ya zama linzami.

A kan ko juyin mulki ne, amsata ita ce a'a, domin ikon bai taɓa barin hannun waɗanda jama'a suka zaɓa ba, kuma kowane mataki an bi ƙa'idar da kowa ya sani tun farko. Amma ba zan ce ƙorafinka ba shi da tushe ba. Truss ta zama firaminista ne da ƙuri'un 'yan jam'iyya 81,326, a ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 60, kuma ta zo da manufar da ba ita aka tallata wa jama'a a 2019 ba. Sunak kuwa ko wannan ƙuri'ar ba a yi ba, domin shi kaɗai ya rage a takara. A ganina nan ne tsarin ya fi rauni, kuma raunin ya ƙaru ne tun da jam'iyyu suka ba wa membobinsu na waje ikon zaɓen shugaba, waɗanda ba su da mazaɓar da za su amsa wa tambaya. Abin da ke rage kaifin matsalar shi ne majalisa ba ta wuce shekara biyar, kuma ranar hisabi tana zuwa. A Yulin 2024 jam'iyyar ta faɗo daga kujeru 365 zuwa 121, ita kanta Truss ta rasa mazaɓarta.

Kada kuma ka ɗauka duk ƙasar da ke bin wannan tsari haka take. Jamus, wadda ta ɗanɗana kuɗar gwamnatoci masu saurin faɗuwa kafin hawan Hitler, ta rubuta a kundinta cewa majalisa ba za ta sauke shugaban gwamnati ba sai ta zaɓi magajinsa a ƙuri'a ɗaya. Rushewa tana da sauƙi, amma haɗa kan 'yan adawa a kan mutum ɗaya yana da wuya, shi ya sa sau ɗaya kawai hakan ya yi nasara, a 1982, lokacin da Helmut Kohl ya maye gurbin Helmut Schmidt. Kohl ya yi shekara 16, Angela Merkel ma haka. Italiya kuwa, mai tarin ƙananan jam'iyyu da gwamnatocin haɗin gambiza, ta yi gwamnatoci fiye da 60 tun bayan yaƙin duniya na biyu, Japan kuma ta yi firaminista shida tsakanin 2006 da 2012.

Mu ma mun taɓa sa rigar

Wannan ne ɓangaren da na fi so ka natsu a kansa, domin ba labarin wasu ba ne. A zaɓen tarayya na 1959 kujeru 312 ne. NPC ta ci 134, NCNC ta Azikiwe da ƙawarta NEPU suka ci 89, AG ta Awolowo ta ci 73. Yi lissafi da kanka, za ka ga da Azikiwe da Awolowo sun haɗa kai, da suna da 162, wato rinjaye, kuma da tarihin ƙasar ya bi wata hanya dabam. Ciniki ne ya haɗa NPC da NCNC, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama firaminista, Awolowo ya zama jagoran adawa. Akwai kuma wani abu da ba a saba gani ba a Birtaniya: shugaban NPC shi ne Sardauna, amma ya zaɓi ya zauna a Kaduna a matsayin Firimiyan Arewa, mataimakinsa a jam'iyya, wato Tafawa Ɓalewa, ya tafi Legas. Ke nan tushen rinjayen firaminista yana hannun wani wanda ba ya cikin majalisar tarayya.

Gwajin gaske ya zo a Jihar Yamma a 1962. Awolowo yana riƙe da jam'iyyar AG, Ladoke Akintola yana riƙe da kujerar Firimiya, suka ɓata. Jam'iyya ta nemi Akintola ya sauka, ya ƙi. 'Yan majalisa 66 daga cikin 124 suka sa hannu a wasiƙa zuwa ga Gwamna, Ooni na Ife Adesoji Aderemi, cewa ba sa tare da Firimiya. Gwamna ya sauke shi ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Ka lura, kusan abin da ya faru da Thatcher ke nan, bambancin kawai ita ta tattara kayanta ta fita. A Ibadan kuwa, da majalisa ta zauna don tabbatar da sabon Firimiya, sai aka kaure da jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta tura Dokta Moses Majekodunmi a matsayin kantoma, kuma a Janairun 1963 Akintola ya koma kujerarsa.

Shari'ar da ta biyo baya har yau muna karantar da ita. Kundin jihar ya ce Gwamna zai iya sauke Firimiya idan ya bayyana gare shi cewa ya rasa goyon bayan yawancin 'yan majalisa, amma bai faɗi ta yaya zai bayyana ba. Kotun Ƙolin Tarayya ta ce sai an yi ƙuri'a a zauren majalisa, wasiƙa ba ta isa ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe a Landan ta ce wasiƙar ta isa, ta ba Adegbenro gaskiya. Sai majalisar jihar ta gyara kundin, ta mayar da gyaran baya yadda hukuncin zai zama banza, kuma kundin Jamhuriya na 1963 ya rufe ƙofar kai ƙara Landan gaba ɗaya. Jimla ɗaya da Turawa suka bari a buɗe, don a wurinsu al'ada ce take cike ta, ita ce a wurinmu ta zama tsagar da ƙadangare ya shiga. Bayan zaɓen Disamban 1964 ma sai da ƙasa ta yi kwanaki cikin zulumi, Shugaba Azikiwe yana jan ƙafa wajen kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa kwamitin tsara kundi da Murtala ya kafa a 1975, ƙarƙashin Rotimi Williams, ya karkata ga shugaba ɗaya mai cikakken iko.

To amma shi ma sabon tsarin a nan jiharmu ta Kaduna ya fara nuna haƙoransa. Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP a 1979, majalisar jiha kuwa NPN ce ke da babban rinjaye. Ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ya yi mulki ba shi da majalisar zartarwa, har aka tsige shi a Yunin 1981. A tsarin majalisa wannan takun-saƙa ba za ta taso ba, domin tun ranar farko NPN ce za ta kafa gwamnati. Sai dai ka juya maganar ka gani: a wancan tsarin mutum irin Balarabe Musa, wanda talakawa suka zaɓa duk da jam'iyyarsa ba ta da rinjayen kujeru, ba zai taɓa shiga gidan gwamnati ba. Masu neman a haɗa tsarin biyu kuma su dubi Nijar, inda zaman doya da manja tsakanin Shugaba Mahamane Ousmane da Firaminista Hama Amadou ya ƙare da juyin mulkin Ba'are Mainasara a Janairun 1996.

Abin da nake gani a aji

Kowace shekara nakan raba ɗalibai zuwa jam'iyyu uku, babu mai rinjaye ita kaɗai, in ce su kafa gwamnati su kuma zartar da kasafin kuɗi cikin awa biyu. Wata shekara ƙaramar jam'iyyar, mai mutum bakwai, ta sayar da goyon bayanta sau biyu kafin a kira sallar la'asar. Da farko an ba su ministan kuɗi, sai 'yan adawa suka yi wa jagoran ƙaramar jam'iyyar tayin firaminista sukutum, na ga yaron ya tashi da littafinsa ya tsallaka ɗaya ɓangaren ajin, sauran shidan suna biye da shi, ana ta tafi. A shekarar da ta biyo baya na sa ƙa'idar Jamus, na kuma ce wanda ya bar jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa, kamar yadda Indiya ta yi doka a 1985. Gwamnatin ta kai ƙarshen darasi lafiya, sai dai muhawarar ta mutu, domin kowa ya san yadda ƙuri'a za ta kaya tun kafin a buɗe baki.

Dole in faɗa maka iyakar abin da wannan yake nunawa. Aji ba ƙasa ba ne, babu kuɗi a ciki, babu ƙabila, babu soja a bakin ƙofa. Jamhuriya ta Farko ma shekara biyar da 'yan watanni ta yi bayan 'yancin kai, kuma rikicin ƙidayar jama'a da rashin daidaiton girman jihohi sun cakuɗe da komai, don haka ba adalci ba ne a ɗora wa tsarin majalisa dukan laifin faɗuwarta. Fagena shi ne nassin kundi da tarihinsa, kuma nassi yana tsara hanya ne, ba ya tilasta wa wanda ya sha kaye ya tashi daga kujera.

Da wannan sharaɗi, ga ra'ayina. 'Yan majalisar wakilai kusan 60 da suka gabatar da ƙudurin komawa tsarin firaminista a Fabrairun 2024 suna da hujja mai ƙarfi a kan tsadar zaɓe da tsadar gwamnati, da kuma amfanin a ce shugaba yana tsayuwa a gaban majalisa yana amsa tambaya da bakinsa, kamar yadda ake yi a Landan kowace Laraba. Abin da ke sa ni ja da baya shi ne halin jam'iyyunmu. Inda sauya sheƙa ta zama ruwan dare duk da sashe na 68 na kundinmu ya hana ta, 'yan majalisar wakilai 181 daga cikin 360 za su iya zama hajar da mai jaka mafi nauyi zai saye a dare ɗaya. Idan ƙudurin ya sake tasowa, ka saurara ka ji ko ya wajabta ƙuri'a a zauren majalisa maimakon wasiƙa, ko ya ce sai an ambaci magaji kafin a sauke firaminista, da kuma wanda zai yanke hukunci a kan mai sauya sheƙa, tunda a yanzu kakakin majalisa, wanda shi ma ɗan jam'iyya ne, shi ake jira ya ayyana kujera a matsayin babu kowa. Kuma ko ya wuce a Abuja da kashi biyu cikin uku, sai majalisun jihohi 24 daga cikin 36 sun amince, don haka ɗan majalisar jiha na mazaɓarka ta Sabon Gari zai jefa tasa ƙuri'ar a Kaduna, kana iya tare shi tun yanzu ka ji inda ya dosa.